Ranar da Hotona Ya Tsaya a Goshi

Shekarun baya, daminar da ruwa ya kayar da katangar gidanmu a Dawaki, bayan an sake mu daga zaman korona amma ba a kai ga canjin kuɗi ba, jikata ta shiga koyon kwamfuta a wani shago a Bolari. Ni ko alif ban sani ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta muku, amma a unguwarmu ba a yi macen da ta kai ni daka yaji ba. Ku tambaya.

Ubanta bai so ba. Ya ce idan aka gama ba ta fito da abin nunawa ba, ta ajiye kwamfuta ta kama ɗinki. To jarrabawar ita ce kowa ya zana samfurin shafin intanet, irin wanda kowane mai sana'a zai zuba kayansa a ciki. Ja'irar ta zaɓi sana'ata. Ranar ko ƙasa ban taka ba don murna!

Na zauna kusa da ita na kama ba da umarni. Mu a zamaninmu ɗakin mace jere ne, kwano kan kwano har rufi, bango ba ya shan iska. Na ce haka nake son nawa. A sa yaji, a sa daddawa, kuka, kuɓewa, man shanu, duk a fuskar farko. Ja da kore da ruwan gwal. Sannan hotona na dawowa daga Makka, haƙori yana walƙiya, a can sama.

"Dada, wannan ai kasuwa ce, ba shafi ba."

"Ke tafi can! Yaushe aka haife ki?"

Ta zuba duk yadda na ce.

Ana gobe za ta kai wa malaminsu, sai ga aminiyata daga Barunde, Batangaliya ce, tare muka tsufa a bakin kasuwa. Na ce a buɗe mata a wayarta ta ga ikon Allah. Wani ɗan zobe ya yi ta juyi a fuskar wayar. Can sai hotona ya fara saukowa: mayafi, goshi, sai ya tsaya cak.

Aminiyata ta kai wayar kusa da ido. "Hajiya, goshin na gane shi. Sauran naki sai gobe ne?"

Muka yi dariya har da tari. Da na waiga, sai na ga yarinyar tana share hawaye da bakin hijabi. Nan dariya ta ƙare.

Ta ce, "Dada, don Allah ki bar ni in yi yadda aka koya min."

Na ce bismillah, na juya fuska.

Ta kwashe kaya. Launi biyu ta bari, fari da jan yaji. Hoto ɗaya na kwanon yaji, ta rage masa nauyi don ya buɗe ko sabis ba ƙarfi. Rubutu manya. A ƙasa maɓalli guda, mai hoton waya. Sauran kaya ta kai su ciki, kowanne da ɗakinsa, ni ma aka tura ni can ƙurya da haƙorina. Na leƙa na ce wannan ai ɗakin da ɓarayi suka kwana ne. Ta ce fili ne, ido ma yana son wurin hutawa.

Ta miƙa wa aminiyata wayar. "Mama, ki sayi yaji. Kada kowa ya nuna mata."

Kafin in gyara zama shafi ya buɗe. Matar nan da ba ta gani sai da tabarau ta ɗora babban yatsa a kan maɓallin. Sai ga wayata tana kuka a ƙugu! Na ɗauka, muna kallon juna, ta ce, "Salamu alaikum, a nan ake sayar da yaji?" Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Malamin bai karɓi aikin kawai ba, riƙe ta ya yi ta koya wa sababbi. Samfurin nan shi aka zuba wa mai huluna, aka zuba wa mai dambun nama, launi da hoto kawai ake canzawa.

Shi ya sa idan yara masu koyo suka zo gidan nan nake ce musu: ku rage kaya, ku gwada a ƙaramar waya, ku ba tsohuwa ta danna kafin ku ce kun gama. Jerena dai yana nan a ɗakina, ba wanda ya isa ya taɓa shi.

Aminiyata ta riga mu, Allah ya ba 'ya'yanta haƙuri. Malamin na ji ya koma garinsu. Saura ni, da jikata, da uban nata, wanda yanzu shi ke tare mutane a ƙofar masallaci yana zaro waya: "Ku duba, 'yata ce ta yi."