Wutar Farauta Ta Same Mu A Kan Tsauni

Asabar: Zuru zuwa gindin tsauni

Tun kafin gari ya waye muka bar gida, ni da surukina, tsohon soja ne da kowa ke kira Baba Sajan. Ya daɗe yana damuna in raka shi tsaunin da aka haife shi, wanda mutanen nan ke cewa babu mai tsawonsa a duk jihar Kebbi. Matata Ladi ta biyo mu har bakin ƙofa da ƙullin ƙosai. "Malam, gwiwarsa ba ta da kirki, ga tari. Yadda ka ɗauke shi haka za ka maido min da shi." Na ce na yi alkawari.

Wata tsohuwar mota Fijo muka shiga zuwa Ribah. A shingen 'yan sanda Baba ya leƙo da hularsa ta soja, suka sara masa muka wuce, ya yi ta washe baki. Daga nan 'yan kabu-kabu suka kai mu wani ƙauye ta wajen Kanya, da hantsi.

Wata mai kunu a bakin hanya ta ga tabarma da jarkar ruwa a bayana. "Hawa za ku yi? To ku biya ta wurin mai gari tukuna. Ba a hawa bai sani ba."

Baba ya yi tsaki. "Dauda? Wanda na sha kayarwa a kokawa muna samari, shi zan nemi izini wurinsa? A kan tsaunin nan aka binne cibiyata." Na ce, "Baba, ai gaisuwa ce kawai." Ya riga ya yi gaba da sandarsa. Raina bai so ba, amma wa ke jayayya da suruki a bainar jama'a?

Hawan ya ci mu wuni guda. Ciyawa ta bushe ƙayau, ta fi ni tsawo. A kufan garinsu muka yada zango, inda ya nuna min duwatsun murhun mahaifiyarsa, ya zauna kusa da su. Muka jiƙa garin kwaki, muka kwana nan.

Lahadi: ƙololuwa

Da sassafe muka ƙarasa sama. Gonaki da garuruwa duk sun koma ƙanana, Baba yana nuna min inda Wasagu take. Muna fara saukowa na ji ƙauri. Sai ga hayaƙi ta gabas, sai ga wani ta kudu, ta hanyar da muka biyo. Can ƙasa ana jin haushin karnuka.

Baba ya tsaya cak. "Farauta ce. Sun kunna wa tsaunin wuta, su kori nama." Ashe shi ya sa ba a hawa sai mai gari ya sani: in an ce akwai mutum a sama, ba mai ƙyasta ashana.

Wuta a busasshiyar ciyawa ta fi mutum gudu, balle mai ciwon gwiwa. Na jefar da tabarma, na goya shi, muka koma kan wani falalen dutse da ba ciyawa. Wallahi ban san ina da wannan ƙarfin ba. Wutar ta zagaye mu tana ƙara, zomaye na wucewa ta ƙafafunmu. Na jiƙa rigata da sauran ruwan jarka na rufe masa hanci. Tarin ya taso masa har idanunsa suka firfito. Ni dai fuskar Ladi kawai nake gani, ina tunanin da wane baki zan gaya mata.

Na yi ta ihu, ƙarar wuta ta shanye muryata. Sai Baba ya ture rigar, ya sa yatsu biyu a baki ya yi wani fito mai tsawo, irin na mafarautansu. Ya sake, tari ya katse shi. Can aka amsa daga ƙasa. Ba a jima ba sai ga samari da ɗanyen ganye suna dukan wuta, suka buɗa hanya, suka sauko da shi a kafaɗa.

Mai gari yana jira a gindin tsauni. "Sajan, da ka aiko ko da yaro ne, da na ɗaga farautar nan. So kake a ce ni na ƙone ka?" Baba ya sunkuyar da kai. "Yau kai ka kayar da ni, Dauda." Suka rungume juna, tsofaffi biyu suna kuka.

Komawa gida

A mota Baba ya ce kada in gaya wa Ladi komai. Mun iso Zuru da magariba, tana tsaye a ƙofa. "Lafiya lau muka dawo," in ji shi. Ta ɗaga fitila ta dube shi da kyau, ta dube ni ba riga sai singileti.

"To Baba, ina girarka?"

Ashe wutar ta babbake masa gira, ba mu lura ba. Ta riƙe hannunsa ta fashe da kuka. Na gode wa Allah, na gode wa samarin ƙauyen nan, domin da ƙafarsa ya shiga gida.