Na Rasa Ɗakin Karatu Saboda Fim ɗin Indiya

"Ustaz, kashe abin nan! A Makka za ka nuna wa yara Indiya?"

Alhaji ne a bakin ƙofa, mai gidan da ya ara mana ɗaki a unguwar Tandabawi, inda nake koya wa matasanmu haifaffun nan karatun Hausa.

Tsohon fim ne, kan ma'aikatan masaƙa da suka rabu ƙungiyar ƙwadago biyu. Ana yajin aiki suna fasa wa juna kai, mai masaƙa yana shan shayinsa. Nakan tsallake waƙoƙin, ina fassara musu da baki kamar yadda yayyenmu suke yi mana a Kano.

Na zaɓe shi ne don ajina ya tsage: 'yan asalin Najeriya a dama, 'yan asalin Nijar a hagu, ko ruwa ba sa miƙa wa juna.

Na ce, "Baba, zauna ka gani. Ba rawa, rigimarmu ce."

Ya ce, "Ko fim, ko ɗakina."

Na ce, "To, a gafarce ni, fim."

Sai Basiru, jagoran 'yan hagu, ya dubi na dama: "Yalla ya shabab, ku taso samari, ku kama dardumar nan ta can. Sai mun ga wanda ya ci amanar leburorin nan."

Tare suka naɗe darduma ɗaya suka hau da ita rufin gidana. Can muka ƙarasa, rana tana dukanmu.

Ɗaki ya tafi, ban kuma yi nadama ba. Da ku ne, da kun kashe fim ɗin?