Kati Ɗaya, Mata Bakwai

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta safiyar Talatar da nas ɗin ɗakin awo ta daina taunar cingam ba. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na ga ma'aikaciyar asibiti ta yi shiru a kan takarda, sai in fara salati.

Ina da cikin fari wata biyar a lokacin. Mun taso daga Gagarawa ni da Inna, mahaifiyata, zuwa wani asibitin gwamnati a yankinmu. Ba zan faɗi ko wanne ba ne, domin har yanzu can nake zuwa, kuma ina so a ci gaba da yi min allura a hankali. Maigidana direba ne, yana can hanyar Maigatari da lodin awaki, bai san abin da ake ciki ba.

Nas ɗin nan kowa ya san bakinta. Da safen ma sai da ta ce min, “Ke mai koren mayafi, ciki ne da ke ko barci? Matso mana.” Na matsa, ta ja fayil ɗina tana buɗawa tana hira da ta kusa da ita a kan tsadar atamfa. Can sai ta tsaya a kan wata takarda. Bakin ya tsaya. Ta dube ni, ta dubi takardar, ta rufe fayil ɗin a hankali, ta ce, “Ƙanwata, zo mu je wurin likita.” Duk wadda ta san asibitin gwamnati ta san in nas ta ce miki ƙanwata, kuma ta raka ki da ƙafarta, to ki fara salati.

Likitan matashi ne, mai gilashi. Ya karanta takardar sau biyu, sannan ya tambaye ni ko an taɓa yi min aiki a nono. Na ce e, ina aji huɗu a sakandare aka cire min wani ƙari kamar ƙwayar gurjiya a na hagu. Ya ce, “An gaya muku za a tura naman Kano a gwada?” Na ce an faɗa. “Kun dawo karɓar sakamako?” Na dubi Inna. Inna ta ce, “Likita, ai ciwon ya warke. Mutum ya warke kuma ya dawo neman me?”

Ya cire gilashin ya murza ido. Ya ce sakamakon ya zo tuntuni, ga shi a fayil, kuma abin da aka rubuta shi ne ciwon daji. An ma ja layi a ƙasa, an ce a nemo mara lafiya da gaggawa. To ina za a nemo ta? Adireshin da ke jikin katin shi ne “Gagarawa, kusa da masallaci”, lambar wayar kuma ta layin Baba ce da ya faɗa rijiya tare da wayar. Likita ya duba ni bai ji komai ba, amma ya ce wannan ba ya nufin an tsira. Sai na je Kano, kuma a can za a yi maganar cikin da ke jikina.

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta tsinka min zuciya. Na dafe cikin da hannu biyu, kamar likitan zai miƙo hannu ya karɓe shi a nan take. Na yi sakandare, na san ma'anar abin da ya faɗa, kuma a ranar na yi fatan da ban sani ba.

Inna ce ta yi magana, a hankali, tana kallon ƙasa. “To ko na Gwaggonki ne?”

Likita ya ce, “Wace Gwaggo?”

A nan dole in tona asirin gidanmu, kodayake na san ba mu kaɗai ba ne. Katin da Baba ya yanka min lokacin aikina, shi ya zama katin gida. Yana cikin kwallar Inna, ƙarƙashin turaren wuta. Duk macen da ta tashi zuwa asibiti sai ta aiko a ba ta, don ba mai son layin yankar sabon kati, wanda in kin shiga da hantsi sai azahar. Abin da ake buƙata kawai shi ne in an kira sunana ki amsa. Matan yayyena biyu sun amsa, ƙanwar Inna ta amsa, maƙwabciyarmu ta amsa, har kakata da ba ta ji sosai ta amsa bayan an zungure ta. Gwaggo kuwa, yayar Baba, da katin aka cire mata ƙari a nono. Ita ma na hagu. Mu a gidanmu ko ciwo ba ma raba hanya.

Likita ya koma farkon fayil ɗin yana buɗawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Wato ke ce kika haifi tagwaye kina aji biyar?” Na ce matar yayana ce. “Hawan jini da ciwon gwiwa?” Kakata. “An cire miki haƙora uku?” Na buɗe baki na nuna masa. Nas ɗin ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Likita bai yi dariya ba. Ya nuna min takardar: samanta, inda kwanan wata da shekarun mara lafiya suke, gara ta cinye shi tas. Bayanan aikin biyu ma da ya kamata a samu a fayil, ɗaya ya ɓata, ɗaya ruwa ya wanke shi. Abin da ya rage sunana ne, da mugun labarin, da wata lamba a gefe. Gwaggo kuma ba ta nan balle a duba ta, ta rasu shekara biyu kafin nan.

Ya ce hanya ɗaya ce. Duk naman da aka cire, ana rubuta lambarsa a babbar rajistar ɗakin tiyata. In aka samo rajistar shekarun nan, za a ga lambar ta wace ce. “In tana nan,” ya ƙara da cewa.

Mai kula da takardun asibitin dattijo ne, siriri, da biro uku a aljihu da goro a kumatu. Na gaishe shi har ƙasa, na ce, “Baba, don Allah shekara nawa kuke ajiye takardun marasa lafiya?”

Ya ce, “A ƙa'ida ko a nan?”

Na ce duka biyun.

“A ƙa'ida, 'yata, akwai wa'adi. Ba a taɓa fayil sai ya yi shekaru ba wanda ya neme shi. Na yaro kuwa sai ya girma, sannan a ƙara masa wasu shekarun a kai. Rajistar tiyata, ni tun da na kama aiki ban ga takardar da ta ce a zubar da ita ba. To amma ƙa'idar nan mu aka karanta wa, ba a karanta wa gara ba, ba a karanta wa rufin da ke yoyo ba.” Ya juya fayil ɗina a hannu, ya ji nauyinsa. “Wannan ai bai taɓa hutawa ba, shi ya sa ba a kai shi sito ba. Ke kaɗai kin fi unguwa guda jinya.”

Sannan ya gaya mana abin da ya fi wannan muni. An ce ana son siton a zuba kayan gini, don haka ƙarshen wata za a ƙone duk takardun da wa'adinsu ya wuce. Leburorin da aka sa su ware kuwa, a wurinsu duk takardar da ta yi ƙura wa'adinta ya wuce. Wasu buhunan har sun riga sun fita ta bayan katanga. Ya ce, “In kin sayi ƙosai a bakin ƙofa, ki riƙa karanta takardar kafin ki yar. Jiya a cikin takardar gwajin fitsarin wani aka ƙunso min.”

Siton yana can bayan ɗakin wanki. Da ya buɗe ƙofar, jemagu biyu suka fito kamar an biya su su tarbe mu. Takardu ne tun daga ƙasa har rufi, wasu a buhu, wasu a kwali, wasu sun manne sun zama kamar tubali. Dattijon ya ce rajistocin shekara-shekara ne, mu faɗa masa shekarun. Tawa ba wuya, na lissafa da ajin makaranta. Ta Gwaggo ce aiki.

Inna ta ce, “Shekarar da jar saniyarmu ta karye.”

Ya ce, “Hajiya, ba mu rubuta saniya ba.”

“To shekarar da aka yi wa ɗakin Malam, babanta, rufin kwano.”

“Shi ma ba a turo mana ba.”

Da ƙyar muka gano cewa damina biyu ce tsakanin aikina da nata, don ranar da aka sallamo ta ni na dafa mata kunu, kuma a makon nake rubuta jarrabawar fita.

Ranar farko ba mu samu komai ba sai atishawa. Na koma gida ban iya cin tuwo ba. Abin haushin, ɗan cikin ya zaɓi ranar ya riƙa motsi fiye da kullum, kamar yana tuna min cewa da shi ake maganar. Ban gaya wa maigidana ba. Me zan ce masa a waya yana tsakiyar awaki? Cewa wataƙila ina da ciwon daji, wataƙila kuma Gwaggo ce?

Washegari muka dawo da tsintsiya da tsumma. Dattijon ya hana ni ɗaga buhu, shi da Inna suke jawowa, ni ina zaune a kan kwali ina karanta bangon littattafai. Inna ba ta karatun boko, amma duk littafin da ta ɗauko sai ta buɗe ta ƙura masa ido, ta ce, “Wannan bai yi kama da shi ba.” Bayan azahar, a ƙasan wani buhu da aka riga aka ɗaure don wuta, muka ci karo da dogayen littattafai masu baƙin bango. Ɓera ya ci gefen ɗaya, amma cikin yana nan.

Dattijon ya hana ni buɗewa. Ya ce akwai sunayen mutane a ciki, ba nawa kaɗai ba, kuma ba aikina ba ne in san wa aka yi wa kaciya da girma. Ya rungume su da kansa har ofishin likita, mu muna biye kamar masu rakiyar amarya.

Likita ya fara da shekarar aikina. Ga sunana, shekara goma sha shida, ga lamba. Ya ɗora takardar Kano a gefe, ya bi da yatsa. Ba ta yi daidai ba. A ƙarshen layin kuma wani ya rubuta da jan biro cewa sakamako ya dawo, ƙari ne mara illa. Ya buɗe littafi na biyu. Ga sunana kuma. Amma a gurbin shekaru, nas ɗin tiyata ta wancan lokacin, Allah ya saka mata da alheri ko tana ina, ba ta kwafi abin da ke jikin kati ba. Abin da idonta ya gani ta rubuta: kimanin hamsin da biyar. Lambar da ke gaban wannan layin ita ce a jikin takardar, ba ko ɗigo da ya bambanta.

Ana kiran la'asar a masallacin asibiti ya rufe littafin, ya ce, “Ba naki ba ne. Ke lafiyarki ƙalau, ki je ki ci gaba da awonki.”

Na so in yi dariya, sai kuka ya zo. Na juya in rungume Inna, na ga ita ba ni take kallo ba, takardar take kallo. Gwaggo ta yi wata takwas tana jinya kafin ta rasu. An ce sammu ne, an kai ta wurin masu magani har tsallaken iyaka, an shafa mata abin da aka shafa, an yi mata turare. Duk tsawon lokacin nan, amsar tana kwance a fayil mai sunana, kuma mata nawa suka zo da katin suka koma, ba wanda ya buɗe shafin sai nas mai cingam.

Inna ta ce, “Ashe an rubuto.”

Abin da na koya, na koye shi ne a tsaye a bakin ofishin nan. Asibiti yana iya ajiye takarda shekara da shekaru, kuma wajibi ne ya ajiye ta inda ruwa da wuta ba za su kai ba, don ban san inda zan kasance yau ba da an ƙone buhun nan kafin mu zo. Amma ajiyar ba ta da amfani in sunan wata ne a kan ciwon wata, ko in an ce ki dawo karɓar sakamako kika ce ai kin warke. Ban bari mun fita daga asibitin ba sai da na ja Inna zuwa tagar yankar kati. Ta yi ta mita cewa ita lafiyarta lau, layin kuma ya yi tsawo. Na ce mu tsaya. Da aka zo kanta, mai rubutu ya ce, “Suna?” Buɗar bakinta har ta fara faɗin nawa. Sai ta gyara mayafi, ta faɗi nata.