Jan Zare a Bakin Faifan Dada

A shekarar da gidanmu na Damare ya cika da dangi masu gudun hijira daga arewacin jiha, ina 'yar shekara goma, kuma babu wanda ya kai ni ƙin tsince wake. Bakin ci ya yi yawa, wake kuwa shi gona ta ba mu. Da an idar da sallar magariba, kakarmu, wadda kowa ke kira Dada, sai ta zauna gefen murhu ta miƙa wa kowane yaro faifai. Ba ta buɗe baki da tatsuniya sai ta ga hannu na aiki. Yaran da suka gudo, waɗanda ko murfin tukunya ya faɗi sai sun zabura, a nan kaɗai nake ganin sun natsu.

Faifan Dada yana da jan zare ɗaure a bakinsa na hagu. Daga nan take fara tsinta kullum. Sai ta juya kanta gaba ɗaya wajen zaren kamar mai gaida baƙo, sannan ta bi waken layi-layi har dama. Mukan kwaikwaye ta a bayan idonta mu yi ta dariya.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta yarinyar da kogi ya tafi da ƙwaryar uwarta. Wata tsohuwa ta gaya mata ƙwaryar tana can ƙarshen gaɓa, amma a hanya akwai tsamiya, da suri, da tsohon kwalekwale, da kunkuru. Dole ta gaishe su bi da bi, kuma in ta tsallake ɗaya hanya za ta mayar da ita inda ta fara. Tsamiya da kwalekwale suna dama, a fili. Suri da kunkuru suna hagu, cikin ciyawa. Yarinya ta yi ta tafiya tana tsintar kanta a mafari, tana kuka tana rantsuwa ta gaida kowa. Da ta gaji da kukan, sai ta ɗaura kaba a hannunta na hagu, duk taku ta waiwaya wajenta. A haka ta ga suri, ta ga kunkuru, ta kai ga ƙwaryar.

Ana cikin daɗin labari Dada takan tsaya cak ta nuna ni da baki. "Asma'u, bayan suri wa aka gaisar?" In na ce kunkuru, sai ta koma farkon tatsuniyar, sauran yara na hararata. Na taɓa ce mata wannan mugunta ce.

"Ba ni na mayar da ke ba," in ji ta, "hanya ce. Tashi ki sake."

Bara keke napep ɗin da na hau ya kife a hanyar Girei, kaina ya bugu. Raunin ya warke, amma hagu ta ɓace mini. Likita ya ce idona lafiya lau, ƙwaƙwalwata ce ta daina kula da wannan ɓarin. Sai in cinye tuwon dama in ce kwano ya ƙare. Wata safiya na goya 'yata Hauwa, tana wata biyar, na tamke zane ban san ƙafarta ta hagu na waje ba. Tana cikin zamewa Goggo, mahaifiyar mijina, ta cafe ta. Daga ranar goyo ya koma bayan Goggo. Ban ga laifinta ba, amma abin ya yi mini ciwo fiye da hatsarin.

Aka tura ni wani asibiti a Jimeta, wurin Sista Rifkatu, wata 'yar Numan mai haƙuri da taurin kai. Ta zaunar da ni gaban kwamfuta. Tauraro, kifi, da'ira da ganye sukan haska ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in taɓa su yadda suka jeru. Sai in gama in jingina ina jiran yabo, allon ya koma farko. A mako na biyu na ce mata na'urar nan cuta take yi.

"Maman Hauwa, kwamfuta ba shi da faɗa da kai," ta ce da Hausarta ta Jimeta. "Biyu na nan a hagu, ba ka duba ba."

Ta yanko jan salatif ta manna a gefen allon na hagu, ta kama haɓata ta juya kaina har na gan shi. Ta ce kafin in taɓa komai in fara nemo jan nan. Ina ganinsa na ji warin hayaƙin murhun Dada. Da na koma gida na tambayi mahaifiyata labarin zaren faifan. Ashe yanar ido ce ta rufe idon Dada na hagu tun kafin a haife ni, ba ta taɓa bari mu yara mun sani ba. Da rabin gani ta tsince waken da ya ciyar da gida guda na 'yan gudun hijira, mu muna kwaikwayonta. Kunya ta kama ni, ga shi ba ta raye balle in nemi gafara.

Tun daga nan na daina faɗa da kwamfuta. In ta mayar da ni farko, sai in gyara zama in nemo ja. Sau uku a mako nake zuwa, in ruwa ya hana keke in yi a wayar mijina. Sauri nake, don Hauwa ta fara kama bango tana tsayawa, lokacin goyonta na ƙurewa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Goggo ta miƙo mini zane, ta tsaya bayana hannuwanta a buɗe. Na duƙa, na ɗora Hauwa, na ja zane, na tamke sama, na tamke ƙasa. Sannan na juya kaina gaba ɗaya, yadda Dada ke yi, na lalubo 'yar ƙafar hagu. Tana ciki, da ɗuminta. Na gaishe ta.