Kalmar da Alhaji Ya Ba Ni Ajiya

Shekarar da ƙungiyarmu ta manoma a Kibiya ta sami kwamfuta, ni aka ba ajiyar babbar kalmar sirrinta. Ba don ilimi ba, karatuna a firamare ya tsaya. Shugaban ƙungiyar, wanda kowa ke kira Alhaji, shi ya ja ni bayan ofis ya raɗa mini ita a kunne.

Ya ce, "Malam, kai ne mutumin da in an ba shi ajiyar allura sai ya rame. Riƙe wannan. Kada ka faɗa wa kowa, kada ka buɗe wa kowa sai da sanina."

Na kuwa rame. Ban rubuta ta ba, don takarda tana faɗuwa. A kai na ajiye ta, ina bitarta a gona, ina bitarta a hanyar masallaci, sannan in tsorata ko leɓena ya motsa wani ya gani. Na daina zama a teburin mai shayi. Mai ɗakina ta tambaye ni ko wani ciwo likita ya faɗa mini nake ɓoye mata.

A cikin kwamfutar akwai abin da ake kira rumbun bayanai. Yadda aka bayyana mini, sunan kowane manomi a ɗaure yake da gonarsa, gonar kuma a ɗaure da abin da aka shuka, in ka jawo ɗaya sai sauran su biyo. Sakatare yana da tasa ƙaramar kalmar da yake aikin yau da kullum da ita. Tawa ita ce ta maigida, wadda ke buɗe komai.

Da kaka ta yi, wata injiniya ta zo daga Kano, mace ce mai fara'a, sa'ar babbar 'yata. Ta ce rumbun namu ya san sunan gona amma bai san inda take ba, za ta saka masa wani ƙari da zai sa ya gane taswira. Na ce ban fahimta ba. Ta ce, "Baba, kamar a ƙara ɗaki ne a gida. Kayan ginin duk na zo da su. Amma ba a ƙara ɗaki sai da mabuɗin maigida."

Sakatare ya nuna ni da baki.

Na ce, "Malama, sai Alhaji ya sani."

"Ai shi ya kira ni, Baba."

"Ke ya kira. Ni bai ce mini komai ba."

Aka buga wayar Alhaji, a kashe. Yana can gonarsa ta Fassi ana casar shinkafa. Injiniyar ta yi dabara, ta ce in zauna in buga kalmar da hannuna, ita za ta juya baya ta kalli bango. Har na ɗora yatsa, sai na tuna maganar Alhaji gaɓa biyu ce: kada in faɗa, kada in buɗe. Juya bayanta ya warware ta farko, ta biyun tana nan. Na janye hannu.

Sakatare ya ce, "Malam, don Allah! Ba taskar gwamna aka ba ka ba fa. Baiwar Allah nan mota za ta bi ta koma Kano, in ta tafi sai wata kakar."

Gaskiyarsa ce. In ta tafi ba a yi aikin ba, za a ce ni na hana. In na buɗe kuma wani abu ya lalace, na ci amana. Na auna duka biyun, na ga gara a zage ni a kasuwa da a tsayar da ni gobe kiyama a kan kwamfuta. Na ce ta ba ni lokaci kaɗan, na tare ɗan acaɓa, muka kama hanyar Fassi. Duk ramin da muka faɗa sai na sake bitar kalmar, in tabbatar ba ta zube ba.

Na sami Alhaji a inuwa, masu casa sun kewaye shi ana cin rogo da ƙuli. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, "Alhaji, maganar ajiyar nan ce. Baƙuwa ta zo, tana neman a buɗe."

Ya ce, "Wace ajiya?"

Na ƙara sassauta murya. "Kalmar nan."

"Au! Ta kwamfuta?" Sai ya ɗaga murya, da rogo a bakinsa, ya fara faɗin ta tiryan-tiryan a gaban jama'a. Ya tsaya a tsakiya, ya sosa ƙeya.

Ɗan acaɓan da ya kawo ni ya ce, "Alhaji, ka bar lambobin ƙarshe." Ya ƙarasa masa. Wani dattijo mai ɗinke buhu ya gyaɗa kai, ya ce haka take.

Ashe Alhaji kalma ɗaya yake da ita a duniya. Da ita yake buɗe wayarsa, kuma da yake idonsa ya yi rauni, duk wanda ke kusa shi yake miƙa wa wayar ya faɗa masa ita. Masu casa sun sani, direbansa ya sani, mai shayin da na ƙaurace wa ya riga ni sani. Ni kaɗai ne a Kibiya nake ɓoye ta.

Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Madalla da kai, Malam. Shi ya sa na zaɓe ka. Je ka buɗe mata."

Da na koma, na buga kalmar a hankali da yatsa ɗaya, na kare da hulata duk da haka. Injiniyar ta rubuta layi guda ta danna. Kafin in gyara zama ta ce an gama. Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce shi ke nan. Ta nuna mana taswira, ta gwada da gonar sakatare, ga ta nan a bakin hanyar Rano kamar an zana da alli.

Da ma a nan na yi shiru. Amma zuciyata ba ta bar ni ba, na ga in na ɓoye mata abin da ya faru a Fassi na rufe gaskiya. Na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ƙofar da kowa ke da mabuɗinta ba ƙofa ba ce, dole a sauya. A lokacin wayar Alhaji ta shiga. Muna jinsa yana cewa, "Ki sauya, 'yata, ki ba Malam shi kaɗai. Ni kada ma ki faɗa mini, mantawa zan yi."

Ta haɗa wata sabuwa, doguwa, ba ta kama da sunan mutum ko na gari. Ta sa na yi ta maimaitawa har ta zauna, ta ce ita ma ba za ta riƙe ba, ta ɗauki jakarta ta tafi tasha.

Tun daga ranar nake ɗauke da ita, kuma wannan karon da gaske ni kaɗai ne. Da ina tsoron kada wani ya ji. Yanzu ina tsoron zazzaɓi, ina tsoron tsufa, na daina hawa acaɓa. Na je na sami Alhaji na roƙe shi a sami mutum na biyu da zai riƙe tare da ni, saboda halin rai. Ya ce shawara ce mai kyau, zai duba, amma a gaskiya bai ga wani mai amana kamata ba.