Bahago a Garken Masu Jifa

Na daɗe a Dubai kafin in san cewa ma'aikata irina ma suna wasan besbol. Aikina a wani ofishin kago ne, masu aika kaya gida, a Al Khabaisi, na wani Alhaji ɗan Kano. Ni ke auna kaya, in naɗe kwali da salatif, in rubuta sunan mai shi da babban alƙalamin maka. Akwai wani Bafilipine da ke yi mana takardun kwastan, mutum mai fara'a, shi ya ja ni cikin wasan.

Wata rana muna lodi a sito, direba ya nemi salatif daga can bayan mota. Na ɗauki naɗi guda na wurga masa daga ƙarshen siton, ya faɗa tafin hannunsa daidai. Bafilipinen ya ajiye takardunsa ya zo inda nake.

"Da wane hannu ka yi jifan nan?"

Sai da na ji wani iri. Ni bahago ne, kuma a gidanmu ba abin da ake faɗa da alfahari ba ne. Kakata ta sha ɗaure mini hannun da tsumma lokacin cin tuwo har na koyi ci da dama. Na ce masa da hagu ne.

"Ranar Asabar da safe ba ka da aiki," in ji shi. "Zan biyo in ɗauke ka. Khalas, shi ke nan."

Ashe shi ne kocin wata ƙungiya ta ma'aikata, yawancinsu 'yan ƙasarsu. Suna haya filin wata makaranta a bayan gari, suna wasa a watannin sanyi. Wasan ba wuyar ganewa in an zauna an kalla. Mutum ɗaya yana tsaye kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jifa da ƙwallo mai taurin goruba. Abokin hamayya yana riƙe da kulki yana jira ya maka ta, bayansa kuma mai cafewa na tsugune. In mai kulki ya kuskure jifa uku masu kyau, ya fita. In mai jifa ne ya kauce hanya sau huɗu, ko ya jefi jikin mutum, an ba mai kulki kyautar tafiya tasha ta farko. Tashoshi uku ne a fili, wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci ɗaya.

Hannu ba ya jure jifa daga farkon wasa har ƙarshe. Shi ya sa kowace ƙungiya take da masu jifa 'yan jira, suna zaune a wani lungu bayan ragar waya, suna ɗumama hannu har a kira su. Bulfen suke ce wa wurin. Da aka gaya mini ma'anarsa wurin tara bijimai, sai na koma ce masa garke, har wasu suka ɗauka.

A garken na san wani dattijo mai gyaran esi, gajere, furfura ta cika masa kai. Kowa Kuya yake ce masa, wato yaya. Tun kafa ƙungiyar yake cikinta. Jifansa ba ƙarfi kuma, amma inda ya so nan ƙwallo take zuwa. Shi ya koya mini riƙo, ya koya mini ɗaga ƙafa, ya hana ni jifa irin na mai korar akuya daga gona. Ni ina da ƙarfi, saiti ne babu. Wata rana in yi jifa kowa ya yi shiru, wata rana in aika ƙwallo bayan katanga. In na ɓata, sai ya ce, "Shwaiya shwaiya, a hankali, ƙanena. Ƙwallon ba ta yi maka laifi ba."

A kakar wasata ta biyu muka samu shiga wasannin sili ɗaya ƙwale. Ranar Asabar a yi wasa, wanda ya ci ya dawo Lahadi, wanda ya sake ci ya je na ƙarshe. Masu shirya gasar sun ƙayyade yawan 'yan wasan da kowace ƙungiya za ta bayar, kuma in an bayar ba canji. Koci ya tara mu bayan la'asar a wani ɗan gidan shayi a Deira, aka jera mana shayin karak. Ya yi ta lissafin masu jifa da yatsunsa. Mai fara jifa ranar Asabar yana nan. Na Lahadi kafaɗarsa na ciwo, ba zai yi nisa ba. Mai rufe wasa, wato mai jifan ƙarshe, lafiyarsa lau. Wani kuma an sa shi aikin ƙarshen mako a otal ɗinsu. Garken ya yi ƙaranci, ga gurbi ɗaya da ya rage, mu kuwa biyu ne, ni da Kuya.

"In muka wuce Asabar," in ji koci, "waɗanda za mu haɗu da su suna da bahagwai masu duka, a jere suke zuwa. Bahago ba ya son jifan bahago. Na dama muna da su. Na hagu ɗaya ne a duk ƙungiyar nan."

Bai kalli Kuya ba da yake faɗa. Ni na kalle shi. Ya kurɓi shayinsa, ya gyaɗa kai, ya ce daidai ne, shi ma da haka zai yi. Kowa a teburin ya san ya fi ni. Ni ma na sani. Ba don iyawa aka ɗauke ni ba, don hannun da aka haife ni da shi ne. Na so in yi magana, amma a ƙasan raina akwai daɗi, kunyar daɗin ta rufe mini baki.

Abokin ɗakina wani ɗan Damagaram ne da ke dillancin waya a Al Ras. Na gaya masa an sa ni cikin 'yan wasa, ban ƙara komai ba. Kafin kwana biyu labari ya zagaye masu shayi da ofisoshin kago, wai Bahaushe ya zama zakaran wasan Amurkawa, Filipinawa sun ajiye nasu sun ɗauke shi. Na ce masa ba haka ba ne.

"Haba patron," in ji shi, "wa zai taso don ya ga ɗan jira? Ka bar ni in yi maka talla."

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji ya kira ni.

"Malam, ashe kana da irin wannan baiwa ka ɓoye mana? Gobe da ni za a je. Ina da baƙi daga gida, zan kai su su ga ɗanmu."

"Alhaji, ranka ya daɗe, ba lallai ma in shiga ba."

"Kai dai akwai ka da kawaici," ya ce.

Suka zo kuwa, cikin shadda da huluna, aka ba su kujerun roba a gefen fili. Mai farawarmu ranar jifansa ya yi kyau, ya kai wasan kusan ƙarshe, mai rufewa ya rufe. Muka ci. Ni ina garke tun safe, in tashi in miƙe, in yi 'yan jife-jife, in koma in zauna. Kuya ya zo da kayan gida, tunda ba ya cikin 'yan wasa, ya sa safar cafewa ya tsuguna yana karɓar jifana. Da aka tashi, ɗaya daga cikin baƙin ya tambaye ni ko ni ne mai gadin ragar. Aka yi dariya, na taya su.

A motar komawa na zauna kusa da mai rufe wasanmu. Yana kallon taga ya ce, "Ka san Kuya zai tafi ƙarshen wata? Kamfaninsu ba su sabunta masa kwantiragi ba, sun ce ya tsufa. Bizarsa ta kusa ƙarewa."

"Koci ya sani?"

"Ya sani. Kuya ne ya ce kar a sa wannan cikin lissafi."

Washegari tun kafin a fara na sami koci yana zuba hodar layi a fili. Na ce ya cire ni ya sa Kuya, in ana so a ce hannuna ya gurɗe. Ya ce ba a canji, kuma ba zai yi wa masu gasa ƙarya ba. Ban san Kuya na bayanmu da jakar ƙwallaye ba. Ya ajiye jakar.

"Sadaka za ka ba ni?" ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Yalla, je ka ɗumama hannunka."

Baƙin ba su dawo ba, amma Alhaji ya dawo, shi da abokin ɗakina. Kamar yadda aka yi tsammani, kafaɗar mai farawa ta gaza tun wasa bai yi nisa ba. Aka sa na biyu, ya riƙe iya ƙarfinsa. Can wajen ƙarshe muna gaba da ci ɗaya, suna da mutum a tasha ta biyu, sai ga bahagwan nan sun iso layi. Koci ya fito fili ya ɗaga hannunsa na hagu. Ni ake kira.

Daga garke zuwa tudun nan ba nisa. Na ji muryar abokin ɗakina yana kirari, wayarsa a sama yana ɗauka. Na karɓi ƙwallo na hau tudun.

Na farko ban ba shi wahala ba. Jifa huɗu, duk sun kauce, ɗaya ma sai da mai cafewa ya yi tsalle. Ya ajiye kulki ya tafi tasharsa. Na biyu na ce bari in matso da ita kusa da jikinsa yadda Kuya ya koya mini. Ta same shi a haƙarƙari, na ji ƙarar daga inda nake. Ya durƙusa, mutanensu suka miƙe suna zagi da yarensu, na ɗaga hannu ina ba da haƙuri. Tashoshi duk sun cika. Na uku kuwa, tsoron kar in sake jifan mutum ya sa na sakar masa ita a hankali, tsakiyar hanya, kamar mai miƙa wa yaro lemo. Ya maka ta har jikin katanga. Mutum uku suka shigo gida.

Koci ya tako ya miƙo hannu, na sa masa ƙwallon. Ban fitar da ko mutum ɗaya ba.

Ina komawa garke, fili tsit ta ɓangarenmu, sai na ji tafi. Alhaji ne, ya miƙe tsaye shi kaɗai, yana tafawa da gaske. Bai san dokar wasan ba. Ya ga an kira ni, ya ga na yi jifa, ya ga mutane na gudu ana ihu, ya ɗauka aikina na gama.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Allah ya yi albarka."

'Yan ƙungiyarmu suka juya suna kallonsa, sannan suka kalle ni. Na sunkuyar da kai na shige bayan raga. Kuya ya matsa mini a benci, ya miƙo gorar ruwa. Haka muka zauna har aka tashi, ba mu rama cin ba.

Hoton da abokin ɗakina ya ɗauka ya shiga wayoyin mutanenmu tun kafin in iso Deira. Waɗanda ba su gane ba suna taya ni murna, sai in yi godiya in wuce. Na yi wa Alhaji bayani ranar Litinin, ya ce, "Au, to ai da ka faɗa mini da ban tafa ba." Koci ya shigo da takardunsa kamar kullum. Ya ce shi ya zaɓa, kuskuren nasa ne, in daina sunne kai. Hakan bai rage mini komai ba.

Ana saura 'yan kwanaki Kuya ya tafi, ya kira ni a waya. Ya ce yana da babban kwali da zai aika gida, an ce ba wanda ya kai ni iya naɗi. Na je da salatif da igiya. Ɗakinsu a saman wani tsohon gini yake, gadaje masu hawa biyu, an rataye labule a kowanne. Ya tara sabulai da takalman jikoki da tukunyar dafa shinkafa da kayan aikinsa. Na jera masu nauyi a ƙasa, na cusa tufafi a kusurwoyi. Yana ta ba ni labarin 'yarsa da ta gama karatun jinya, da ɗan shagon da yake so ya buɗe.

Sai da na zo ɗaurin ƙarshe na iya cewa, "Kuya, ka yafe mini. Da kai ne da mun je wasan ƙarshe."

Ya dafa kwalin.

"Ban sani ba," in ji shi. "Yaran nan sun iya duka. Wataƙila ni ma da sun maka ni har katanga." Ya ɗan yi murmushi. "Amma na so a ce ni ne na ɓata wasan. Gaskiyar ke nan, ƙanena. Na so in hau tudun nan sau ɗaya kafin in tafi, ko da dukan zan sha."

Na ja igiyar na ƙulle. Ginin ba lifta, sai muka kama kwalin, ni a ƙasa shi a sama, muka sauko da shi hawa-hawa, yana ce mini in kula da kwana.

Da sanyi ya dawo ban yi niyyar komawa fili ba, koci ne ya zo ya tsaya da mota a ƙofar gidanmu yana ta hon har maƙwabta suka leƙo. A kakar ne aka samu wani matashi bahago da ke aiki a filin jirgi, wanda ya yi wasan tun yana makaranta a ƙasarsu. Da aka zo zaɓen 'yan wasan sili ɗaya ƙwale, shi aka ɗauka. Har yanzu ina zuwa ranar Asabar. Yawanci a garke nake wuni, ina kwasar ƙwallaye, wani lokaci a sa ni in an yi mana nisa a ci ko mu mun yi nisa. Kuya yakan turo saƙon murya lokaci-lokaci yana tambayar wa ya ci. Shagon ya buɗe, gyaran fanka da firji yake yi.