Ɗakin Goron da Na Rushe

Gidanmu na Agege gidan goro ne tun zamanin mahaifina. Fatake daga Kano da Sakkwato kan sayi goro a garuruwan Yarabawa su kawo mana ajiya, wani wata uku, wani wata shida, har ya zama daushe mai tsada, sannan su loda shi zuwa Arewa. Abin da ke kawo su ɗaki ne guda a bayan gida, ginin ƙasa, bango mai kaurin kamu biyu, ba taga, ƙasansa kullum da sanyi. Mai kula da shi wani dattijo ne mutumin Maraɗi da ya zo gidan tun ina saurayi. Baba muke ce masa. Duk bayan 'yan kwanaki yakan kwance huhu, wato ƙunshin goro, ya tsince mai sankara, ya sake ganye, ya ɗaure.

Shekarar da soja suka miƙa mulki unguwa ta haukace da gini. Duk wanda kansila ya taɓa gaisarwa sai ya ga gidan ubansa ya yi masa tsufa. A lokacin mahaifina ya riga ya rasu, gida yana hannuna. Sai ga wani ɗan kwangila da takalmi mai tsini da tarin hotunan benayen da ya ce shi ya gina a cikin Ikko, tsallaken gada. Zai rushe namu ya ɗora bene, shagunan ƙasa nasa na wasu shekaru, sama tamu. Da ya leƙa ɗakin goro sai ya toshe hanci da hankici, ya tambaya ko awaki muke kiwo. Na yi dariya, alhali Baba na tsugune a ciki yana aiki.

Bayan la'asar Baba ya same ni. Ya ce in rushe duk abin da nake so, amma in bar wannan ɗaki ɗaya.

"Alhaji, goro da ransa yake zaune. Siminti zai kashe shi. Kuma ba naka ba ne, amanar mutane ce."

Na ce masa shi dai ya saba da ƙasa ne, ni kuwa na je Makka na ga gini. Na yi masa alkawarin sito mai tayil da fanka, kamar wanda ke yi wa amarya jere.

Aka rushe gidan har da ɗakin goron, aka gama benen a wata takwas. Fenti ruwan hoda, ginshiƙai biyu a ƙofa waɗanda ba su ɗauke da komai, gilashi ta ko'ina kamar kantin magani. Maƙwabta suna zuwa taya murna, masu irin hankalina, ina zagayawa da su ina nuna matakala. Siton yana kallon yamma, rana na dukansa tun azahar, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da janaretan wani mai sayar da ƙanƙara. Fankar da na yi alfahari da ita busar da goro take yi. A gidan goro aka haife ni, amma ban sani ba, domin ban taɓa kwance huhu da hannuna ba. Gaisawa da fatake na iya, da zama a kan buzu.

Fataken suka kawo kaya saboda darajar mahaifina. Baba ya yi iya yinsa. Ya kashe fankar, ya toshe taga da buhuna, yana yayyafa ruwa. Amma tayil ba ya shan ruwa. Ganyen ƙasa ya ruɓe, goron sama ya yamutse. Ya faɗa mini sau biyu, na ce hannunsa ne ya tsufa.

Wani Bakano, aminin mahaifina, shi ya fara zuwa duba nasa. Ya zaro goro ɗaya, ya ɓare, ya duba, ya ajiye bai kai baki ba. Bai zage ni ba. Ya dai sa aka kira mota, aka kwashe abin da ya rage zuwa wani tsohon gidan ƙasa a bayan layin dogo, gidan da mu masu bene muke yi wa ba'a. Kafin wata ya ƙare sauran sun bi shi.

Ranar da huhun ƙarshe ya fita Baba ya zo da jakarsa, ya durƙusa kamar yadda yake yi wa mahaifina, ya ce masu kaya sun nemi ya je ya ci gaba da duba musu.

Na ce, "Nan ɗin ba ka da ɗaki ne? Ga sama can da gilashi."

Ya ce, "Akwai ɗaki, Alhaji. Goro ne babu."

Maimakon in ba shi haƙuri, na juya kai na ce ya gaida su. Shekara guda na yi ina faɗa a ƙofar masallaci cewa butulu ne. Daga ranar da Baba ya tafi ba wani farke da ya sake sauke kaya a gidanmu.